Daga Agadas Zuwa Dirku: Yadda Tafiyar Kilomita 560 Ke Zama Sa'a Biyu Ko Mako Guda

Tsakanin filin jirgin sama na Agadas da na Dirku, dukansu a arewacin Jamhuriyar Nijar, akwai tazarar kilomita 560 ko kusa da haka idan aka miƙe ta sama. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana cinye wannan tazara cikin sa'a biyu da 'yan mintoci. Motar Hilux mai ƙoshin lafiya takan yi kwana ɗaya zuwa biyu a cikin rairayi, gingimari mai lodi ya yi kwana uku ko fiye, ayarin raƙuman gishiri kuwa yakan share mako biyu zuwa uku kafin ya ratsa hamadar Tenere ya hango dabinon Kawar. Ɗan kasuwar da ya jera waɗannan alƙaluma zai ɗauka magana ta ƙare, jirgi ya yi nasara. To, amma sa'a biyun nan da ake yi a sama ita ce mafi ƙanƙanta cikin lokacin da tafiyar ke ci, kuma ba ita kaɗai ake biyan kuɗinta ba.

Dirku, wanda a taswirar Faransanci ake rubuta shi Dirkou, ɗaya ne daga cikin garuruwan dausayin Kawar, kimanin kilomita 40 arewa da Bilma, garin da Hausawa suka san shi tun kaka da kakanni saboda gishirin balma. Barebari da Tubawa ne mafi yawan mazauna yankin. Garin yana kan tsohuwar hanyar fatake wadda ta haɗa Borno da Fezzan, hanyar da Klafaton da abokan tafiyarsa suka biyo a farkon 1823, Heinrich Barth kuma ya bi ta a 1855 sa'ad da yake komawa gida daga Kukawa. A zamanin nan Dirku zango ne na motocin da ke tasowa daga Agadas zuwa Madama da Sabha a ƙasar Libiya. Kayan da suka baro Kano suka bi ta Damagaram da Tanut zuwa Agadas, wani kasonsu a nan yake yada zango kafin ya ci gaba arewa. Gano zinariya a Jado a 2014 ya ƙara wa hanyar zirga-zirga, ko da yake gwamnati ta rufe wurin haƙar a 2017. Haka kuma dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta rage motocin da ke bin hanyar, har zuwa Nuwamba 2023 lokacin da gwamnatin soja ta soke ta. Babu kwalta tsakanin Agadas da Dirku, nisan kuma ta ƙasa ya haura kilomita 600.

Yadda ake auna nisan

Kowane filin jirgi yana da adireshinsa a doron ƙasa, watau lambobin digiri biyu: ɗaya na nuna nisansa daga layin ikwaita, ɗayan kuma nisansa daga layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Filin Agadas yana kusan digiri 17 arewa da digiri 8 gabas. Na Dirku yana kusan digiri 19 arewa da digiri 12.9 gabas. Ke nan jirgin da ya tashi daga Agadas zai hau arewa da digiri 2, ya matsa gabas da digiri 4.9.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne a ko'ina cikin duniya, saboda haka digiri 2 ya ba da kilomita 222. Daga yamma zuwa gabas ne ake samun tangarɗa, domin duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, layukan da suka sauko daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu suna tsukewa ne gwargwadon yadda aka nisanci ikwaita. A daidai digiri 18 arewa, digiri ɗaya na gabas bai wuce kilomita 106 ba. Digiri 4.9 ke nan ya zama kimanin kilomita 515. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu bisa ƙa'idar lissafin kusurwa uku, sai a sami kilomita 560. A gajeriyar tafiya irin wannan, lissafin takarda da fensir ya wadatar. A doguwar tafiya kamar Legas zuwa Landan ne ake bukatar cikakken lissafin babbar da'ira, wadda ita ce gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallo.

Ya kamata a lura cewa matuƙa jiragen sama ba da kilomita suke aiki ba. Ma'auninsu shi ne mil na teku, wanda yake mita 1,852, saurin jirgi kuma ana faɗarsa da not, watau mil na teku ɗaya cikin sa'a. A bakinsu, Agadas zuwa Dirku mil 303 ne. Akwai kuma mil na tudu, mita 1,609, wanda da shi tafiyar za ta zama mil 348. Duk takardar shatar da ta rubuta "mil" ba tare da ta fayyace wanne take nufi ba, ta bar ƙofar gardama a buɗe, domin bambancin ya kai kashi 15 cikin ɗari. Haka nan lokutan da ke cikin takardun jirgi galibi na agogon GMT ne, alhali Nijar da Nijeriya suna gaba da shi da sa'a guda.

Daga nisa zuwa lokaci

Jirgin da aka fi sani a irin waɗannan hanyoyi shi ne Cessna Caravan, wanda ya fara tashi a Disamba 1982, yana da inji ɗaya, yana ɗaukar fasinja tara zuwa goma sha huɗu bisa ga tsarin kujeru da dokar ƙasar da yake aiki. Idan aka ɗauki kilomita 300 cikin sa'a a matsayin saurinsa na yau da kullum, kilomita 560 za ta ci sa'a 1 da minti 52. Beechcraft 1900 mai kujera 19 da inji biyu, wanda ke gudun kimanin kilomita 480 cikin sa'a, zai yi sa'a 1 da minti 10. Waɗannan alƙaluma na tsakiyar tafiya ne kawai. Jirgi ba ya kai cikakken saurinsa sai ya gama hawa, kuma akwai lokacin tayar da inji, da gangarawa zuwa bakin titi, da kewayen da ake yi kafin sauka. A kan ƙara minti 15 zuwa 20 saboda waɗannan. Lokacin da kamfanoni ke rubutawa a jadawali, wanda kuma da shi masu ba da haya da yawa ke yin lissafin kuɗi, yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda yake fake, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a ɗaya filin.

Wannan ƙarin minti 15 zuwa 20 ba ya raguwa don tafiya ta gajarce. Shi ya sa jirgi mai tsananin gudu bai cika nuna fifikonsa a gajeriyar hanya ba. Jet mai gudun kilomita 800 cikin sa'a, a kan takarda minti 42 zai yi, amma kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya kusa, man da ya sha kuwa ya ninka na ƙaramin jirgi sau da dama.

Sai kuma iska, wadda a wannan hanya take da muhimmanci na musamman. Jirgin da ya nufi Dirku daga Agadas yana fuskantar gabas maso arewa ne, kusan digiri 67 a kan kamfas. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, tun daga Nuwamba har cikin Maris. Watau a lokacin sanyi, wanda shi ne lokacin da fatauci ya fi kankama a hamada, ƙaramin jirgin da ba ya yin nisa sama sosai kusan gaba da gaba yake yi da iska a tafiya, a dawowa kuma ta turo shi ta baya. Alal misali, idan iskar tana gudun kilomita 40 cikin sa'a, saurin Caravan a kan ƙasa zai sauka zuwa 260, tafiyar ta zama sa'a 2 da minti 9. A dawowa saurin zai hau 340, lokacin ya koma sa'a 1 da minti 39. Rabin sa'a cur ke nan tsakanin zuwa da dawowa, a hanya ɗaya, da jirgi ɗaya, a rana ɗaya.

Mutane da yawa suna zaton abin da iska ta ci a zuwa za ta biya a dawowa. Lissafi bai yarda da haka ba. Zuwa da dawowa babu iska sa'a 3 da minti 44 ne. Da iskar kilomita 40 ya zama sa'a 3 da minti 48. Da ta kilomita 60 kuwa sa'a 3 da minti 53. Dalili shi ne jirgi ya fi daɗewa a ɓangaren da iska ke tauye shi fiye da ɓangaren da take taimaka masa. Asarar 'yan mintoci ce, amma kowane minti mai yake sha.

Mai, zafi da nauyin kaya

A nan ne nisan wuri yake fara taɓa aljihu. Caravan yana shan kimanin lita 190 na man jirgi cikin sa'a, kowace lita kuma nauyinta kimanin giram 800 ne. Ƙa'idar sufurin sama ta hana jirgi tashi da man da zai kai shi daidai wa daida. Tilas ya riƙe rara ta minti 30 zuwa 45, idan kuma yana tafiya bisa na'urori ne, a mafi yawan lokuta sai ya ƙara da man da zai kai shi wani filin na ko-ta-kwana in har na farko ya ƙi saukuwa. Tsakanin Kano da Kaduna wannan ba wani abu ba ne, domin filaye suna kusa da juna. A Kawar, filin kirki mafi kusa da za a iya juyawa a koma shi ne wanda aka baro, watau Agadas.

Matuƙin da ya tabbata zai sami mai a inda za shi, kuma sama garau take, man sa'a uku ya ishe shi har da rara: lita 570, nauyin kilo 456. Wanda ba shi da wannan tabbaci dole ya ɗauki na zuwa da dawowa da rara, kimanin sa'a 4 da minti 45, watau lita 900, nauyin kilo 720. Bambancin kilo 264 ne, kusan fasinja uku da jakunkunansu. Gaba ɗaya abin da babban samfurin Caravan ke iya ɗauka, mai da mutane da kaya, bai wuce kilo 1,500 zuwa 1,600 ba. A cire kilo 720 na mai da nauyin matuƙa biyu, abin da ya rage wa mai haya kilo 650 zuwa 700 ne. Raƙumin ayari yana ɗaukar kilo 150 zuwa 200. Ke nan jirgin da aka yi shata daga Agadas, kayan raƙuma huɗu yake kaiwa Dirku.

Akwai kuma abin da matuƙa ke kira wurin da ba a juyawa. Idan jirgin yana da man sa'a uku ban da rara, kuma yana fama da iskar nan ta kilomita 40, to bayan sa'a 1 da minti 42, a kilomita 442 daga Agadas, ya kai iyakar inda mansa zai iya mayar da shi gida. Kafin wannan wuri dole matuƙi ya yanke shawara bisa labarin yanayin da ya samu ta rediyo. Bayansa babu zaɓi, sai Dirku. Fasinjan da ya ga jirgi ya juya bayan sa'a ɗaya da rabi ya koma inda ya fito, yakan ji haushi, amma wannan lissafi ne matuƙin ya bi, kuma kuɗin sa'a ukun da aka ɓata a sama galibi a kan mai haya suke faɗawa, sai fa in yarjejeniya ta faɗi akasin haka.

Zafin rana shi ma yana rage kaya. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fukafukai da farfela ba sa samun abin kamawa sosai, inji kuma ƙarfinsa yana raguwa. Filin Dirku bai kai mita 400 sama da teku ba, inda bisa ma'aunin da masu ƙera jirage ke amfani da shi ake sa ran zafi na digiri 12 zuwa 13. A watan Yuni zafin tsakar rana a Kawar yakan kai digiri 44. Kowane digiri ɗaya na ƙari daidai yake da ɗaga filin sama da kimanin mita 36. Idan aka lissafa, da azahar a bazara jirgi yana jin kamar daga tudu mai tsawon mita 1,500 yake tashi, sama da filin jirgin Jos wanda yake kimanin mita 1,290. Sakamakon haka shi ne doguwar gudu a kan titi kafin ɗagawa da kuma hawa a hankali, mafita kuwa ita ce a rage lodi ko a tashi da sassafe. Wannan ne ya sa jiragen hamada suke sammako kamar masu zuwa gona.

Ranar da ba a tashi

Babban mai cin lokaci a wannan hanya shi ne ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kudu da duwatsun Tibesti, shi ne wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma masana yanayi sun daɗe suna ambaton yankin Bilma da Faya-Larjo a matsayin mafarin hazon da ke rufe Maiduguri da Kano da Sakkwato a lokacin hunturu. Abin da mutanen Kano ke gani a matsayin hazo, a Kawar yana iya zama guguwar rairayi wadda ke hana ganin abin da ke gaba da 'yan ɗaruruwan mitoci. Ƙa'idar tuƙi da ido tana bukatar a iya hangen aƙalla kilomita biyar. Manyan filaye suna da na'urorin da ke jagorantar jirgi har zuwa bakin titi cikin hazo, amma duk da haka an sha soke tashin jirage a Kano da Abuja a watannin Disamba da Janairu. Ƙaramin fili a tsakiyar hamada ba shi da wannan gata, kuma ƙurar da ta rufe Dirku ita ce ta rufe Bilma. Takan yi kwana biyu ko uku kafin ta kwanta.

Dare ma shinge ne. Inda babu tabbacin fitilun titi, jirgi yana bukatar ya sauka tun da sauran rana. A Disamba hasken rana a wannan yanki kimanin sa'a 11 ne. Jirgin da zai je ya dawo a yini guda yana bukatar sa'a huɗu da rabi na tafiya da aƙalla sa'a ɗaya a ƙasa, saboda haka jinkirin 'yan sa'o'i da safe, na jiran hazo ya washe ko na jiran takarda, yakan mayar da tafiyar ta gobe. Matuƙa kuma doka ta ƙayyade musu yawan sa'o'in aiki a yini.

Mutanen Agadas ba sa bukatar a tuna musu cewa ƙaramin jirgi a hamada ba abin wasa ba ne. Filin jirgin garin yana ɗauke da sunan Mano Dayak, jagoran Abzinawa wanda ya rasu ranar 15 ga Disamba 1995, sa'ad da ƙaramin jirgin da zai kai shi Yamai don tattaunawar sulhu ya faɗi jim kaɗan bayan tashi a yankin duwatsun Azbin.

Bayan yanayi sai jadawali. Dirku ba ya cikin filayen da jiragen fasinja ke sauka kullum. Soja da ma'aikatan agaji da masu shata ne suka fi amfani da shi. A Satumba 2018 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta faɗaɗa filin don jirage marasa matuƙa, kuma sojojin Amurka sun fice daga sansaninsu na Agadas a Agusta 2024. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa, na ma'aikatan jin ƙai ne, ba sa sayar wa ɗan kasuwa tikiti. A duk inda jirgi ke zuwa sau ɗaya a mako, mutumin da bukata ta taso masa ba shiri zai jira kwana uku da rabi a matsakaicin lissafi, watau sa'a 84, don ya yi tafiyar sa'a biyu. Cikin wannan lokaci Hilux ta riga ta isa, direban ya huta. A shekarun 2010 ayarin motoci mai rakiyar soja yakan tashi daga Agadas ne kowace Litinin, saboda haka ta ƙasa ma akwai nata jiran, musamman ga mai gingimari wanda ba zai yarda ya shiga Tenere shi kaɗai ba.

Abin da ya shafi mai tasowa daga Kano

Wani abin mamaki shi ne, nisan Kano zuwa Agadas ta sama, kimanin kilomita 550, kusan daidai yake da na Agadas zuwa Dirku. Da za a miƙe daga Kano zuwa Dirku kai tsaye, kilomita 900 ne, sa'a uku a Caravan. Amma jirgin da ya fito daga wata ƙasa ba ya sauka inda ya ga dama. Sai ya sami izinin ratsa sararin samaniya da na sauka daga hukumar sufurin sama ta Nijar, sa'an nan ya fara sauka a filin da ke da kwastan da jami'an shige da fice. Ta Agadas tafiyar ta zama kilomita 1,110, da sauka biyu da tashi biyu. Wanda kuma ya bi ta Yamai, inda ofisoshin ba da izini suke, zai yi kimanin kilomita 705 zuwa can, 735 zuwa Agadas, sa'an nan 560 zuwa Dirku. Jimla kilomita 2,000, fiye da ninki biyu na miƙaƙƙiyar hanya.

Siyasa takan rufe hanyar baki ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijar ta rufe sararin samaniyarta ranar 6 ga Agusta, ta sake buɗewa a farkon Satumba. Takunkumin ECOWAS ya dakatar da zirga-zirga tsakanin Nijar da Nijeriya har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage shi, Nijeriya kuma ta buɗe iyakokinta a Maris. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a Janairu 2025. Yankin Agadas yanki ne da harkar tsaro ke da nauyi a cikinsa, izinin sauka a filin da soja ke amfani da shi kuwa ba abin da ake samu cikin yini guda ba ne.

Kuɗin shata ana yanke shi ne bisa sa'ar tashi, kuma mai haya ne ke biyan tafiyar da jirgi ya yi babu kowa a ciki. Idan mazaunin jirgin Yamai ne, zai zo Agadas ya ɗauki mutane, ya kai su Dirku, ya dawo da su, sa'an nan ya koma gida: kilomita 2,590, kimanin sa'a takwas da minti arba'in a sama. Abin da fasinja suka mora a ciki kilomita 1,120 ne kacal, ƙasa da rabi. Idan kuma za su yi kwanaki a Dirku, ko dai a biya kuɗin zaman jirgi da matuƙa, ko jirgin ya tafi ya sake dawowa, lissafin ya ƙara hawa. Saboda haka tambayar farko da ta kamaci mai neman shata ita ce inda jirgin yake kwana, sa'an nan inda zai sha mai, da wanda zai ɗauki asara idan ƙura ta hana sauka.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke gudun irin wannan hanya a fili yake. Kujera tara ko goma sha tara ne za su raba kuɗin matuƙa biyu da inshora da gyara da man da aka yi dakonsa daga nesa, kuma ba kullum kujerun ke cika ba. Ko a ƙasashe masu arziki, hanyoyin ƙananan filaye da tallafin hukuma suke rayuwa. A tsibiran Okni da ke arewacin Sikotilan, kamfanin Loganair yana jigila tun 1967 tsakanin Westray da Papa Westray, tazarar kilomita 2.7, tafiyar minti ɗaya da rabi a jirgi mai fasinja takwas, kuma majalisar tsibiran ce ke tallafa wa aikin. Amurka ta kafa shirin tallafa wa jiragen ƙananan garuruwa a 1978, shekarar da ta sakar wa kamfanoni mara. A Afirka ta Yamma kuwa, manyan kamfanonin gwamnati da ake sa ran su ɗauki irin wannan nauyi sun durƙushe, Air Afrique a 2002, Nigeria Airways a 2003, waɗanda suka gaje su kuma riba suke bi.

Abin da ya cancanci hawa jirgi zuwa Kawar, bisa wannan lissafi, shi ne kaya mai ƙaramin nauyi da babbar daraja, ko wanda jinkirinsa ke jawo asarar da ta fi kuɗin shata: magani da allurar rigakafi masu gudun zafi, kayan gyaran injin da ya tsayar da aiki, injiniya, majinyacin da ba zai jure girgizar mota ba, zinariya da kuɗi waɗanda hanyar ƙasa ke da haɗari gare su. Siminti da gero da sukari da taliya na gingimari ne, wanda ke ɗaukar tan ashirin ko fiye. Gishiri kuwa, kantu da beza, har yanzu akwai Abzinawan da ke tasowa da raƙuma bayan damina, wajen Oktoba, su bi ta Fashi zuwa Bilma da gero a kan amale, su sauya shi da gishiri da dabino, sa'an nan su gangara kudu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ko da yake motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci. Raƙumi yana tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a yini, abin da Caravan ke wucewa cikin minti takwas, amma harawar da zai ci ana ɗaure ta ne a bayansa tun daga Azbin, kuma madugu ba ya jiran izinin sauka.